Matar Da Ba Ta Sayar Da Jak Shi Kaɗai

Ƙarfe bakwai da rabi take ɗaga ƙofar shagonta, a layin masu kayan mota, tsakanin mai batir da mai walda. Kafin ta taɓa tsintsiya, sai ta jawo jak ɗaya cikin sababbin da aka kawo mata, ta tura shi ƙarƙashin wani mataccen injin babbar mota da ke jibge a bakin shagon, ta ɗaga injin kamar taƙi guda, ta ja layi da alli a jikin jak ɗin. Sannan ta yi shara, ta fito da kaya, ta zauna ta sha shayinta, ko kallon wajen ba ta yi. Sai hantsi ya dubi ƙofar shagon za ta dawo ta durƙusa, ta gyara tabarau, ta duba layin. In ya sauka ko da kaurin farce ne, wannan jak ɗin ba zai kwana a shagon ba. Kwalinsa zai koma, ya bi motar da ta kawo shi.

Shekara ashirin da takwas tana wannan. A layin kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. In baƙo ya tambayi inda ake sayar da jak, sai a nuna masa shagon a ce, "Ga Gwaggo can, amma ka shirya amsa tambayoyi kamar ka shiga kotu." A ƙarshen watan jiya ta rufe shagon, don idanunta sun daina ganin layin allin. Ba a yi mata taro ba, ba wanda ya ba ta takardar yabo. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni da na taɓa fita daga shagonta ina zaginta a zuci.

Ni malamin makaranta ne. Shekara goma sha huɗu da suka wuce na sayi wata tsohuwar mota, na kuma gane da wuri cewa in duk tarin da ta yi sai na kai ta gareji, to 'ya'yana za su koyi cin taya. Sai na ƙudura zan riƙa canza bakin mai da birki da kaina a ƙofar gida. Wanda ya sa mini wannan ra'ayi maƙwabcina ne mai ɗinki, Tela, katanga ɗaya ta raba mu. Gajeren mutum ne mai barkwanci, ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma ya riga ni yin mota da shekara shida. Wata Asabar muka tafi layin tare, kowa zai sayi jak, don nasa ya fara yoyon mai.

Na gaishe ta, na ce jak nake so mai sauƙin kuɗi. Ko motsi ba ta yi daga kujerarta ba.

"Nauyin motar taka nawa ne, ɗana?"

"Mota ce dai, Gwaggo, ba tirela ba."

"Na ji abokinka yana ce maka Malam, karatu ba zai gagare ka ba. Buɗe ƙofar direba, akwai rubutu manne a jikin ginshiƙin. Je ka karanto mini."

Na je na karanto. Ban gama rufe baki ba ta jefo wata. Taya zan canza kawai, ko shiga ƙarƙashi zan yi? Ƙofar gidana siminti ce ko ƙasa? A miƙe take ko da gangara? In ina aikin, wa ke gida?

Tela ya kasa haƙuri ya ce, "Gwaggo, 'yarki za ki ba shi ne, ko jak za ki sayar masa?"

Ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Da 'yata ce ai da tambayar ba ta kai haka ba."

Ta tashi ta jera mini kaya a ƙasa. Jak mai taya na tan biyu. Matokarai biyu na ƙarfe, masu ƙafa huɗu-huɗu, kowanne da haƙoransa da kusar da ake zura masa don kada ya zame. Weji biyu na tare taya. Da katako biyu masu kauri, tun da na ce ƙofar gidana ƙasa ce.

"Jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙewa," in ji ta. "Abin da ke tare da man da ke cikinsa wani ɗan zoben roba ne, bai kai wannan na yatsana ba. Ran da ya gaji ba zai yi maka sallama ba. Ka ɗaga, ka sa matokari a ƙarƙashin ƙashin motar, ba a jikin kwanonta ba, ka sauke ta a kai a hankali. Sannan ka sa hannu biyu ka girgiza ta kamar kana jin haushinta. In za ta faɗi, ta faɗi kana tsaye."

Tela ya ce shi bulo yake sawa, shekara shida ko ƙwarzane bai taɓa yi ba.

"Bulo rami ne a cikinsa," ta ce. "Ba ya lanƙwasa balle ka gani ka gudu. Fashewa yake yi gaba ɗaya."

"To na ji. Ni dai jak kawai za ki ba ni."

"Ba a nan ba. Mai canza taya a bakin hanya, ina ba shi jak shi kaɗai. Mai shiga ƙarƙashi kuwa, ko ninki biyu zai biya, sai da matokari. In kana ganin sun yi maka yawa, ga tsofaffi biyu can, ɗauka ka yi ta amfani da su."

Abin da ya ɓata masa rai ke nan. Ya ce shi ba roƙo ya zo ba. Ya fice, ya tsallake shago huɗu, ya dawo da jak mai kama da kwalba yana lilo da shi a gabanta yana dariya. Ni kunya ce ta sa na sayi kayan, ba yarda ba. Da na gama lodawa a but, sai na ga babu sandar da ake buga jak ɗin da ita. Na koma na ce an manta sanda.

"Ba a manta ba. Tana nan. Ka zo da matarka ta karɓa."

Wannan ce ranar da na zage ta a zuci.

Ran Litinin uwar 'ya'yana ta je, da kayanta masu kyau, tana zaton sa hannu kawai za ta yi. Gwaggo ta durƙusar da ita a gaban mataccen injin nan, ta miƙa mata sandar, ta nuna mata wata ƙaramar kusa a gindin jak ɗin.

"Kafin komai, ki sa bakin sandar ki ɗaure nan, dama, har ya tsaya. In a buɗe yake, ko kwana za ki yi kina bugawa ba zai tashi ba. Faɗi in ji."

"Kafin komai in ɗaure nan."

"Sake."

Sau biyar ta sa ta ɗaga injin ta sauke, ta tura matokari ta zare. Matata ta dawo gida da baƙin giris a gwiwar zaninta, ta jefa mini sandar ta ce, "Malam, matar nan lafiyarta ƙalau kuwa?" Mako guda muna kwaikwayon muryarta muna dariya. Tela ya fi kowa iyawa.

Wata goma sha ɗaya bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, ina aji. Abin da ya faru daga bakin matata na ji shi, kuma har yau in tana faɗa sai ta zauna.

An yi ruwa ran Litinin, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Tela bai je shago ba, ya ce zai kwance salansar motarsa. Ya ɗaga gaban motar da jak ɗinsa, ya cire taya ɗaya, ya jera bulo biyu, ya shimfiɗa kwali ya shige. Wata kusa ta cije. Ya sa ƙarfi ya finciko, motar ta ɗan yi lilo. Gindin jak ɗin ya nutse gefe guda ya kwanta, nauyin ya sauka a kan bulo, bulon ya zama gari.

Matata tana wanke-wanke ta ji ihun matar Tela. Ta fito da kumfa a hannu, ta ga ƙafafu biyu a waje suna shure-shure, matar Tela ta kama gaban motar tana ƙoƙarin ɗagawa da hannu, farcenta na karyewa. Layinmu babu namiji ko ɗaya, duk an tafi aiki. Matata ta ce ba ta san lokacin da ta koma gida ba. Ta dai gan ta tana jan jak ɗin nan mai nauyi a ƙasa, katako a hamata, sanda a ɗaya hannun. Ta ce ba tunani take yi ba, murya kawai take ji a kunnenta tana cewa, faɗi in ji. Ta ajiye katako, ta ɗora jak, ta ɗaure kusar, ta buga. Motar ta yi ƙara ta fara tashi. Ta daka wa matar Tela tsawa ta kawo matokari, suka tura shi. Sannan suka kama bakin kwalin da yake kwance a kai suka jawo shi waje.

Fuskarsa ta yi baƙi, leɓensa sun canza launi. Sai can ya ja wani irin numfashi mai ƙara, kamar ana jan ƙofar da ta yi tsatsa.

Haƙarƙari shida suka karye. Wannan ya warke. Ƙashin bayansa ma ya karye, shi ne bai warke ba. Likita ya ce da an ƙara minti uku ko huɗu, da gawa za a kawo masa. Tela ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai, shi da ƙafa ce take juya masa keken ɗinki. Yau da hannu yake ɗinki, a kan wani gajeren tebur, kayan yara da gyaran wuyan riga. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, shekara goma sha uku ke nan yana zaune.

Kwana uku da kwantar da shi, Gwaggo ta zo asibiti. Ba mu muka gaya mata ba, labari ne ya kai layin. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shigo ba. Tela yana ganinta ya juya fuskarsa bango.

"Ɗana," ta ce, "ban zo in ce na faɗa maka ba. Haƙuri na zo ba ka. Na ga ranka ya ɓaci, na ƙyale ka ka tafi. Da na bi ka har mota na jefa maka matokaran nan a but, ka zage ni, da ya fi."

Bai juyo ba.

A barandar asibitin ta kama hannun matata ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zauna a benci, ta ba mu labarin da ko masu shagon da ke kusa da ita ba duka suka sani ba.

Maigidanta direban tasi ne. Suna da 'ya'ya mata uku, ƙaramar tana goye. Wata safiya ya ce zai duba ƙarƙashin motar kafin ya fita. Ya ɗaga ta da ɗan jak ɗin da ke zuwa da mota, mai kama da almakashi, ya ce ta miƙo masa bulo biyu daga katangar da suke ginawa.

"Ni na kawo masa," ta ce. "Da hannuna. Har na zaɓi masu kyau."

Tana shanya ta ji ƙarar. Ta ce ba wata babbar ƙara ba ce, kamar tukunyar ƙasa ta faɗi a gidan maƙwabta. Da ta zagayo, motar tana kan ƙirjinsa, idonsa biyu, yana magana. Ya ce mata akwai wani jak a but, na mai, wanda ya aro. Ta ɗauko, ta sa inda ya nuna mata da ido, ta zura sanda ta yi ta bugawa. Bai tashi ba. Ta buga har tafin hannunta ya ɗaye. Yana ta motsa baki yana son ya gaya mata wani abu, numfashin bai kai ba. Mata suka taru suka kama motar, ko gezau. Kafin a kira maza daga bakin titi, ya daina motsa bakin.

"Wani bakanike ne ya fara isowa. Ya durƙusa, ya sa yatsa biyu ya murɗa wata 'yar kusa. Rabin juyi. Ya buga sau uku, motar ta tashi." Sannan ta ce, "Abin da yake ta son ya gaya mini ke nan."

Ba ta yi kuka ba. Matata ce ta yi.

Bayan rasuwar ta sayar da motar. Kullum da safe sai ta goya 'yarta ta tafi garejin bakaniken nan ta zauna a kan tsohuwar taya. Ya kore ta, ta dawo. Ma'aikatansa suka yi ta dariya, ta dawo. Da ya gaji, sai ya fara kwance mata jak iri-iri a gabanta, yana nuna mata abin da ke ciki da abin da ke kashe shi. Shekara uku tana zuwa kafin ta kama shago. Danginta sun ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ta ce mai yiwuwa ne, amma ba ta ga amfanin kan da bai san rabin juyi ba.

Abin da ya sami Tela ya canza ta. Da can jira take yi a zo mata. Daga wannan makon ta fara rufe shago ƙarfe huɗu, lokacin da ciniki ya fi kyau, ta ɗora matokarai biyu da katako a baro, ta ɗauki lemarta ta shiga unguwanni. Duk inda ta hango ƙafafu a ƙarƙashin mota, nan za ta tsaya.

Wani direban bas ya ba ni labarin haɗuwarsu yana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. Ya ce yana ƙarƙashi ya ji an kwaɗa masa wani abu a tafin ƙafa. Ya fito a fusace zai ci mutuncin mai shi, sai ya ga tsohuwa da lema.

"Iya, lafiya?"

"'Ya'yanka nawa?"

"Biyar."

"To su biyar ɗin ka ɗora a kan duwatsun nan. Matsa."

Ta tura masa matokarai, ta sa ya sauke bas ɗin a kai. Da ya zare dutsen sama, sai ya ga ya riga ya tsage gida biyu, nauyi ne kawai ya haɗe shi. Ya ce ranar bai iya ƙarasa aikin ba.

Ba kowa ne ya karɓe ta haka ba. An ce mata talla take yi da wayo. An ce mata mai baƙin baki, wai ita ke kira wa mutane mutuwa. Wani ya kifar mata da baro a kwata, ya ce mace ba za ta koya masa aikin da ya gada ba. Ta tsince kayanta ta goge da gefen mayafi, ta ajiye masa matokaran a bakin ƙofa, ta tafi da baro wayam. Wata biyu suna nan a inda ta bar su, ruwa yana dukansu. Bai taɓa su ba. A wata na uku aka fito da gawarsa daga ƙarƙashin motarsa, kuma shi babu wanda ya san yadda ake ɗaure kusa a gidansa. Ta je gaisuwa. Ƙanensa ya tare ta a ƙofa ya ce bakinta ne ya kama shi. Ta yi addu'a daga waje ta juya.

Ta taɓa gaya mini cewa a shekarun da ta yi a shago, mutum goma sha ɗaya ta sani a wannan ɓangaren gari da mota ta danne har lahira. Ta san irin motar kowa da abin da ya ɗora ta a kai. Na ce mata, waɗanda kika tsare fa? Ta ce, "Su ai ba a sanin su, Malam. Suna nan suna cin abinci, suna faɗa da matansu."

Mai walda, maƙwabcin shagonta, ya ce ba wanda ya taɓa wahalar da shi a sana'a kamarta. Shi yake ƙera mata wasu matokaran don masu ƙaramin ƙarfi. In ya kawo, sai ta kankare fentin da wuƙa ta duba ɗinkin waldar, ta ƙwanƙwasa da guduma ta saurari ƙarar. A goma sai ta mayar masa da huɗu. Wata rana ya yi fushi ya ce, "Gwaggo, wannan ko giwa zai ɗauka." Ta ce, "To kwanta a ƙasa in ɗora injin nan a kai." Ya ce tun daga ranar bai sake yi mata gardama ba, kuma waldar da yake yi wa kowa ta gyaru.

Shi ne ya ga abin da ya faru a makon ƙarshe. A bayan shagon akwai wani ɗaki da take tara duk wani mataccen jak da tsagaggen matokari da ta karɓo daga gidaje a yawonta. Sun kai rufi. Mutumin da zai karɓi shagon ya leƙa, idonsa ya buɗe. Ya ce ta bar masa su, fenti kawai suke buƙata, kasuwarsu tana nan. 'Yarta babba, wadda ta zo taya ta kwashe kaya, ta ce, "Umma, ki bar masa mana, ke kam kin gama naki." Gwaggo ta sa aka fito mata da kujera ƙofar ɗakin. Kwana uku mai walda yana yanka su da wuta ɗaya bayan ɗaya, tana zaune. Tun da ba ta gani sosai, duk wanda ya yanka sai ya bari ya huce ya miƙa mata, ta shafa da hannu ta tabbatar ya rabu biyu, sannan a jefa a motar masu sayen ƙarfe.

Gwaggo, ke ce kika ɗauki safiya mafi muni a rayuwarki, ba ki binne ta ba, kika buɗe mata shago. Ke ce kika yarda a zage ki, a kifar miki da baro, a kira ki mai baƙin baki, don dai wata mace kada ta durƙusa inda kika durƙusa. Ke ce kika ba da haƙuri ga mutumin da ya yi miki dariya. Uwar masu shiga ƙarƙashi, ba ki haife mu ba, amma kin fi wasunmu damuwa da ranmu. Tela ya ce in gaya miki, tun da shi har yau bakinsa ya kasa: ba ke kika ƙyale shi ba, shi ya tafi. Ya ce kuma duk numfashin da ya ja a shekara goma sha ukun nan, daga shagonki aka kawo shi.

Ku masu karanta wannan, da yawanku kuna da mota a ƙofar gida da akwatin sifana. Ba na ce ku daina gyara da kanku ba, ni ma ban daina ba. Amma ku san nauyin motarku kafin ku sayi jak, ku sayi wanda ya fi ƙarfinta. Kada ku sa ko hannu a ƙarƙashi sai tana kan matokarai biyu, a ƙasa mai tauri, an ja birkin hannu, an tare tayoyin da ke ƙasa. Tayar da kuka cire, ku kwantar da ita a ƙarƙashin motar. Bulo ku bar wa magina. Kuma ku durƙusar da mutanen gidanku su koyi jak ɗin nan, ko za su yi mako suna yi muku dariya.

Shekaranjiya na je gidan 'yarta, inda take zaune yanzu, don in karanta mata wannan. Na same ta a baranda, hannunta a kan cinya, kamar ba ta san abin da za ta yi da su ba. Na kai tsakiya ta ce na cika surutu. Ina shirin ci gaba sai ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru. Daga bayan katanga ana jin ƙarar sifana ta faɗi a kan siminti, da muryar mutum tana fitowa a danne, irin ta wanda yake kwance.

Ta lalubi sandarta ta miƙe. 'Yarta ta ce, "Umma, don Allah ki zauna, sabon maƙwabci ne, ba mu saba ba."

"Riƙe hannuna, Malam."

Muka zagaya. Motar tana kan jak da bulo uku. Na yi sallama na yi masa bayani, ya amsa daga ƙarƙashi ya ce mu ji da abin da ya dame mu, saura kusa biyu ya gama. Gwaggo ta saki hannuna, ta dafa motar ta bi jikinta, ta sauka a hankali, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a ƙasa dab da inda aka cire tayar, ta miƙe ƙafafunta ƙarƙashin motar kusa da nasa.

"To ƙarasa, ɗana," ta ce. "In ta faɗo, mu biyu ne."

Sai na ji ya ajiye sifanar a hankali, ya fara ja da baya.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiya. Ke da ba kya gani kin tashi kin je. Mu masu idanu, in muka sake wuce ƙafafu a ƙarƙashin mota muka kau da kai, ba mu da abin cewa.